Kilo Hamsin da Takwas

4 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da majinyatanki na wannan asibiti na bayan duwatsu. Mu nan lafiya lau. Matata tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko kina iya tuna kamanninta. Gwaggo ƙafa ce dai ke damunta, amma baki yana nan garau, ko jiya sai da ta wanke ni tas a kan gemu.

Yaya, na buɗe garejin Baba. Shekara huɗu ke nan tun rasuwarsa ba wanda ya ɗaga ƙofar nan. Ina yaye tamfol sai ga Zabuwa, tsohuwar motarsa, tana kallona da fitilunta biyu, ga ɗigo-ɗigon farin fentin nan da Baba ke dangwala mata duk inda tsatsa ta ɓullo. 'Yar mitsitsiya, ba rufi, kujera biyu, tana nan yadda kika san ta. Rigar aikinsa na rataye a ƙusa, aljihun cike da noti. Warin mai da tsohuwar roba ya bugi hancina, sai kawai na zauna a ƙasa na sha kukana, ban ji kunyar kowa ba.

Sati uku ina fama da ita bayan na taso aiki. Na wanke tanki, na sake filogi, na kwance kafireto na busa. Shekaranjiya ta yi tari sau uku irin na Gwaggo da safe, sannan ta tashi. Wallahi muryar nan ce! Maƙwabta har leƙowa suka yi.

Ga dalilin takardar. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci har yanzu suna haɗuwa a tsohon filin jirgi, kuma babban tseren bana Asabar ɗin ƙarshe ta watan Yuni ne. Na ba da sunana. Tsarin bai canza ba: mota ɗaya-ɗaya ake saki, ta zagaye tayoyin da aka jera, tsohon nan Mai Agogo ya danna agogonsa. Yana nan da ransa, da hular nan tasa. Likitan Haƙori ya daina tuƙi, ɗansa ne ke jan koriyar motar yanzu. Kin tuna yadda mutumin nan ya riƙa kayar da Baba shekara da shekaru? Sakan biyu kullum, Yaya. Sakan biyu! Mu dawo gida Baba na ta fito da baki kamar shi ya ci, ni kuwa raina a ɓace.

Bana zan karɓo mana sakan biyun nan. Injinta ƙarami ne, ba abin da zan iya ƙara masa, don haka nauyi zan rage mata. Duk abin da ba ya taimaka mata gudu zai sauka. Sikelin Baba yana nan yana aiki, zan riƙa auna abin da na cire ina rubutawa a bango da alli.

Motar tamu ce mu biyu, shi ya sa nake neman izininki. Ko da yake na san amsar, don wadda ta shekara huɗu ba ta leƙo gida ba ai ba za ta damu da abin da aka kwance a jikin tsohuwar mota ba.

Ƙanenki,
Auta

19 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka. Ina lafiya, sai aiki. Mu uku ne ma'aikatan jinya a kan gadaje arba'in, ƙafafuna har sun fi na Gwaggo kumburi. Ka gaishe ta, ka gaida matarka, ka ce mata ina tuna kamanninta sarai.

Na ga layinka na ƙarshe. Na gode. Tunda ka riga ka san amsata, ban ga abin da zan ƙara ba. Ni da ban damu da gida ba, ina ruwana da mota? Taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita.

Yayarka

23 ga Maris

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Kwana huɗu ke nan da na aika maka waccan takarda, kuma tun ranar ban ji daɗin raina ba. Da fushi na rubuta ta. Maganarka ta yi min zafi ne don akwai gaskiya a ciki. Ba rashin damuwa ya hana ni zuwa ba. Ba na iya tunanin shiga gidan nan in tarar ba Baba a bakin gareji yana goge hannu da tsumma. Duk shekara sai in cike takardar hutu, in ninke ta, in mayar cikin jaka.

Ka saurare ni da kyau. Ka cire duk abin da kake so a jikin Zabuwa, rediyo, bamba, har ƙofofin ma in ka ga dama. Amma kujerar gefen direba, da abin da ke ƙarƙashinta, kada ka taɓa. Kada ka kwance ko noti ɗaya. Akwai dalili, sai dai na yi wa Baba alkawari a kansa, kuma ba magana ce ta takarda ba. Ka yarda da ni kawai.

Na ji daɗi da ta tashi. Da na karanta wajen tarin nan sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗakin magani.

Ruwa ya yi ɓarna a gadar da ke ƙasanmu, an ce motar wasiƙu ba za ta hawo ba sai an gyara. Na dai jefa wannan a akwati, Allah ya sa ta iso ka da wuri.

Yayarka

6 ga Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Gwaggo ta fara taka ƙafar har bakin titi. Na samu 'yar guntuwar takardarki ta sha tara ga Maris. Kai, Yaya, ko takardar magani ta fi ta tsawo! Na san kin ɗan ji haushin tsokanata, amma tunda kin ce in yi yadda na ga dama, na gode, kuma na yi.

Ki zo ki ga bangon gareji. Bamba gaba da baya, kilo sha ɗaya. Safaya taya da jak, sha huɗu. Rediyon nan da tasha ɗaya yake kamawa, biyu. Kafet da ya sha mai har ya yi tauri, biyar. Kowace rana sai in ga Zabuwa ta ƙara miƙewa kamar wadda aka sauke wa kaya daga ka.

Amma babban labari yana wajen kujerar gefe. Kin san ni da kujerar nan ba ma shiri. Tun ina yaro nake roƙon Baba ya ɗora ni a kanta ranar tsere, tunda doka ta yarda a ɗauki mutum ɗaya. 'Ya'yan kowa suna hawa, ni ina bayan igiya ina cizon yatsa. Sai ya shafa kaina ya ce, "Akwai mai wurin, Auta." Ya tafi da ita wayam. Don haka da na sa mata sufana ina kwance notocinta, ban ɓoye miki ba, har da ɗan jin daɗi.

Ina ɗaga ta me zan gani? Farantan ƙarfe guda shida, masu kauri, an jera su an ɗaure da ƙasan motar da manyan notoci, an shafe su da baƙin fenti. Ni da Mai Walda muka fito da su muna nishi. Na ɗora a sikeli: kilo hamsin da takwas cif! Yaya, ashe wannan lodin Baba ke yawo da shi shekara ashirin yana neman cin tsere! Ga sakan biyun nan a kwance a ƙarƙashin kujera. Mai Walda ya ce wataƙila mutanen da ne da dabarunsu na hana mota tashi sama. Muka yi ta dariya. Allah ya jiƙan tsoho, gwani ne a inji, amma a nan kam lissafi ya kuɓuce masa.

Ƙarafan na ba mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke wucewa da kura ran Talata. Kujerar kuma Mai Faci na bakin kwana ya roƙa, ya ce bencinsa ya karye. Yanzu haka yana can a kai ya harɗe kamar mai kamfani.

Asabar mai zuwa ta sama za mu fita gwaji. Ki yi mana addu'a.

Auta

27 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Kafin komai, lafiyata ƙalau, kada ki tayar da hankali. Ɗan targaɗe ne a wuyan hannu, matata ta ɗaure min.

Takardarki ta ashirin da uku ga Maris sai shekaranjiya ta iso, ambulan duk tabon ruwa. Wata guda da kwana biyu tana hanya. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Yaya, kin makara, ko in ce gada ta makarar da ke. Na tabbata yanzu kin ga tawa ta shida ga wata, kin san abin da na yi.

Ga abin da ya faru a gwaji. A miƙaƙƙiyar hanya Zabuwa ta zama iska, Mai Agogo har cire hula ya yi. Amma da na shiga kwanar bayan tsohon rumbun jirage, inda Baba ke wucewa kamar an ja layi da rula, sai bayanta ya kwashe. Na juya sau biyu na tsaya a cikin ciyawa ina kallon inda na fito. Na sake gwadawa, ta sake yi, a karo na uku na daki tayoyin gefe. Ɗan Likitan Haƙori ya zo yana tambayata ko ina son ya ja ni da igiya. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da muka dawo na auna tsayinta daga ƙasa a kusurwa huɗu. A karkace take. Ɓangaren kujerar da na cire ya ɗaga sama da kusan yatsa biyu. Na duba sifirin da ke ɗauke da nauyin motar, na ga Baba ya ɗaure na wannan gefen daban da na gefen direba. To ni yanzu ban gane ba. Kuskure ne ya yi a sifirin ya rufe shi da ƙarfe, ko me? Niyyata in kwance su duka in daidaita yadda littafi ya ce, amma na dakata saboda takardarki.

Kuma kada ki ɗora min laifin duka. Ke kika rubuta da hannunki cewa in yi yadda na ga dama. Ni ba boka ba ne da zan san abin da ke ranki. In akwai abin da ya kamata in sani game da motar ubana, shekarata talatin, ki gaya min. Na gaji da a riƙa shafa kaina ana cewa akwai mai wurin.

Auta

14 ga Mayu

Auta,

Sannu da hannu. Ka riƙa ɗaga shi sama, kuma kada ka riƙe sufana da shi sai ya yi sati uku, na san halinka.

Takardunka biyu tare suka zo. Da na kai wajen mai kura, sai na ajiye takardar na fita bayan ɗakin haihuwa na tsaya. Kwana biyar na kasa ɗaukar biro. Na yi fushi da kai, na yi fushi da gada, daga baya na ga ni ce babbar mai laifi. Ka yi gaskiya, kai ba boka ba ne. Ko da yake wanda ya shekara talatin da ni ya kamata ya san in na ce "yi yadda ka ga dama", to kashedi ne. Baba ya ce kada in gaya maka don kada ka taso kana kallon kujera kana kuka. Kana da shekara uku a lokacin. Yau zan karya alkawarin, Allah ya yafe min.

Mai wurin Mama ce.

Ba ka san ta a motar nan ba. Tun kafin a haife ni, ba a taɓa sakin Zabuwa a filin nan ba tare da Mama a gefe ba. Ta ɗaure ɗankwali tamau, ta ɗora hular kwano a kai, ta riƙe agogo a cinya tana yi wa Baba tsawa: "Taka mana, Malam, kai wa kake jira?" Mutane suna ce masa ya sauke ta zai fi sauri. Ya ce shi bai iya kwana ba in ba ta.

Kowace shekara, sati guda kafin tsere, Baba yana da al'adarsa ta aiki. Sai ya kira ta gareji ta hau sikeli, tana mita tana cewa ita ba buhu ba ce. Ya rubuta nauyinta a bango da ƙusa. Sannan su shiga motar su biyu su zauna, ni kuma in kwanta a ƙasa da tef ina auna kusurwa huɗu ina faɗa masa. Ya fito ya juya sifirin kaɗan, ya koma ya zauna, in sake aunawa. Sai mu wuni a haka. Mama tana zaune da saƙarta, ba ta sauka ko ruwa za ta sha, sai dai in miƙa mata. Ba a tashi sai motar ta zauna daram da su biyun a ciki. Abin da ka gani a sifirin ke nan. Ba kuskure ba ne, an ɗaure su ne da ita a zaune.

Bayan rasuwarta da wata biyar lokacin tsere ya zo. Na ɗauka ya bar abin ke nan. Wata safiya ya ce in ɗauko tef. Ya zauna a mazauninsa, na auna, na ce masa gefe ɗaya ya ɗaga. Ya ɗauki sufana ya durƙusa a gaban sifirin ɗin, ya daɗe a durƙushe, bai juya shi ba. Sai ya miƙe ya ce, "Ba zan iya kwance ta ba." Muka tafi wajen uban wannan Mai Waldan naka aka yanko faranti. Baba yana ɗorawa a sikeli yana cewa a rage kaɗan, a ƙara kaɗan, har allura ta tsaya a kan hamsin da takwas, awonta na ƙarshe. Ni na riƙe masa notocin yana ɗaurewa. Shekarata sha biyar.

Ya san sarai inda sakan biyunsa suke, Auta. Likitan Haƙori ma ya sani, shi ya sa duk shekara in ya ci yake zuwa ya dafa ƙofar gefen ya ɗan sunkuya kafin ya gaisa da Baba.

Ka matsar da kabad ɗin gwangwanayen fenti da ke bayan ƙofa, ka duba bangon. Za ka ga lambobi a jere. Akwai wata shekara da za ka ga sittin da uku. Cikinka ne, wata biyar. Baba ya ce ba za ta hau ba, ta ce sai dai a fasa tseren. Ya zagaye filin nan a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, tana zaginsa tun daga farko har ƙarshe, suka zo na ƙarshe, har bayan wata motar da ta mutu a hanya aka tura ta. Don haka ka daina cewa ba ka taɓa hawa kujerar nan ranar tsere ba. Ka hau, kuma kai ka jawo wa Baba kunyar da ba a taɓa yi ba a filin.

Ban san abin da za ka yi yanzu ba. Wannan karon da zuciya ɗaya nake faɗa: motar taka ce.

Yayarka

29 ga Mayu

Yaya,

Muna lafiya. Hannu ya warke.

Na matsar da kabad. Suna nan, sha tara, da rubutun Baba mai kwanciya gefe. Na sa yatsa a kan sittin da ukun. Daga nan in na ɗaga kai ina hango nawa lissafin na alli a ɗaya bangon, inda na rubuta "ƙarfen banza, 58" har na ja masa layi biyu. Na goge shi da rigata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa kewar Mama haka ba, ni da ko muryarta ban riƙe ba.

Na bi mai kura har inda suke tara kaya. Ya ce an loda su a babbar mota tun watan jiya, an kai narkarwa. Na zagaye tulin ƙarafan nan har la'asar ko zan ga guda ɗaya. Babu. Sun tafi, Yaya, kuma ni na ba da su da hannuna.

Kujerar dai na karɓo. Da na gaya wa Mai Faci ko ta wace ce, tsam ya miƙe, ya goge ta da hularsa, ya ɗauko ta a ka har gareji. A cikin tsagar bayanta na tsinci ƙaramar allurar saƙa, ta yi tsatsa. Na mayar da kujerar na ɗaure.

Mai Walda ya ce zai yanko min wasu farantan, awo ɗaya, ba wanda zai gane. Na ce a'a. Waɗancan Baba ne ya auna, ke kika riƙe noti. Sababbi ƙarfe ne kawai. Sifirin kuma ban taɓa ba, na durƙusa da sufana ni ma na kasa.

Saura wata guda. Na haƙura da sakan biyu, ɗan Likita ya je ya ji daɗinsu. Amma ba zan fita da kujerar nan wayam ba, kuma Zabuwa ba ta iya kwana da mutum ɗaya. Tambaya ɗaya zan yi miki, kada ki zage ni.

Yaya, nauyinki nawa?

Auta

12 ga Yuni

Auta,

Marar kunya! Wa ya koya maka tambayar babbar mace irin wannan? Na karanta a gaban abokan aikina, na yi dariya har hawaye, daga nan hawayen suka ƙi tsayawa.

Saba'in da tara. In Gwaggo ta ji, na san bakin da ya faɗa.

Ka ga ke nan na fi Mama da kilo ashirin da ɗaya, dole a kwance sifirin a sake ɗauri. Kada ka ji komai. Baba ma duk shekara sai ya sake, don mai rai yake aunawa. Amma kada ka taɓa su sai na zauna. Matarka za ta riƙe tef, ni zan nuna mata inda ake sa shi. Ban iya saƙa ba, sai dai in zo da bakina, kuma ina gaya maka tun yanzu, in ka yi min tafiyar tiren ƙwai a kwanar rumbun nan za ka ji abin da Baba ya ji.

Takardar hutun nan na fito da ita daga jaka, duk ta yi laushi don ninki. An sa hannu jiya. Zan iso ran Asabar, sati guda kafin tsere, da motar safe. Ina jin tsoron ƙofar garejin nan har yanzu, don haka ka tsaya a bakinta in na iso, ko da tsumma ne ka riƙe.

Ka nemo min hular kwano mai girma, ka share sikeli. Kuma ka ajiye ƙusa mai kyau. In na tuna daidai, akwai sauran wuri a bangon, ƙarƙashin hamsin da takwas.

Yayarka